Furotin Mai Ruwan Goro: Yadda Synechocystis Ke Tsira Idan Haske Ya Wuce Kima

A ɗauki kwalbar gwaji cike da Synechocystis, wata baktiriya mai launin shuɗi da kore da ke haɗa abincinta da hasken rana, wadda aka raina a haske mai rauni. A saka ta cikin na'urar da ke auna ƙyallinta, wato ɗan jan hasken da ke kuɓuce mata daga cikin wanda ta kama. Sai a haska mata shuɗin haske mai ƙarfi. Kafin minti biyu ƙyallin ya yi ƙasa sosai. A rage hasken a jira wasu mintoci, ya dawo inda yake. Ana iya maimaita wannan sau da yawa, kuma ko an ba ta maganin da ke hana ta ƙera sabon furotin, ƙyallin zai dawo. Ke nan ba lalacewa aka yi aka gyara ba. Wani abu ne da yake nan tun farko, ya tashi ya yi aiki, ya koma ya kwanta.

Masu bincike a Faransa sun ba da rahoton wannan a shekarar 2000. Sai a 2022 aka ga hoton abin da ke faruwa filla-filla. Furotin ɗin da ke da alhakin aikin kuwa, an san da shi tun 1981, ba a dai san me yake yi ba.

Matsalar da baktiriyar ke ciki

Synechocystis na cikin dangin sayanobaktiriya. Irin da ake aiki da shi a ɗakunan bincike, mai lamba PCC 6803, an ɗebo shi daga ruwan daɗi a Kalifoniya a 1968, aka adana a Cibiyar Pasteur da ke Faris. A 1996 masana a cibiyar Kazusa ta Japan suka karanta dukkan ƙwayoyin gadonta, ta zama halitta mai haɗa abinci da haske ta farko da aka yi wa haka. Tana kuma karɓar baƙon DNA da kanta, don haka cire mata ƙwayar gado ɗaya a ga me zai biyo baya ba wuya ba ne. Wannan ne ya sa aka warware lamarin a kanta.

Tana kama haske da wata ƙatuwar eriya mai suna fikobilisom, wadda ke zaune a kan tantanin da injinan haɗa abinci ke ciki. Eriyar tana da cibiya mai silinda uku, da sanduna shida da suka bazu daga jikinta. A cikin sandunan da cibiyar akwai ƙwayoyin launi 396 da ake kira bilin. Duk haskensu gangarowa yake yi daga bakin sanda zuwa cibiya, daga cibiya zuwa kulorofil, har ya isa injin da ke fasa ruwa ya fitar da oksijin, wanda ake kira tsarin haske na biyu. A cikin ruwa mai duhu-duhu wannan eriya babbar ni'ima ce, domin kusan babu hasken da take asara.

Amma injin yana da iyakar abin da zai iya sarrafawa a sakan ɗaya. Idan eriya ta kawo fiye da haka, kulorofil ya kan riƙe ƙarfin ya rasa inda zai kai shi, daga nan ya miƙa wa oksijin ɗin da ke kusa. Oksijin da ya karɓi wannan ƙarfi ya kan zama mai ɓarna ƙwarai, yana cin furotin da kitsen tantani, yana kuma hana gyaran furotin D1, wanda shi ne zuciyar injin kuma shi ya fi saurin lalacewa. Baktiriyar na iya rage girman eriya, amma wannan aikin sa'o'i ne ko kwanaki. Haske kuwa cikin sakanni yake canzawa: girgije ya gushe, ko igiyar ruwa ta ɗago ta daga ƙasa zuwa sama. Tana bukatar abin da zai zubar da rarar ƙarfin nan take, ya kuma daina zubarwa da zarar haske ya ragu, don in ya ci gaba yunwa ce za ta kashe ta.

Tsirrai suna da dabararsu, amma eriyarsu a cikin tantani take, kuma tsamin da ke taruwa a cikin tantanin ne ke sanar da su haske ya yi yawa. Fikobilisom a waje yake, cikin ruwan ƙwayar, ba ya kuma ɗauke da karotinoyid ko ɗaya, wato irin ƙwayar launin da tsirrai ke amfani da ita wajen zubar da rarar ƙarfin haske. Shi ya sa masana da yawa suka daɗe suna ganin sayanobaktiriya ba su da irin wannan kariya a eriyarsu sam.

Furotin da aka sani, ba a san aikinsa ba

A 1981 Holt da David Krogmann na Jami'ar Purdue a Amurka suka tace wani furotin mai ruwan goro daga sayanobaktiriya, ciki har da Arthrospira maxima, wadda aka fi sani da sifirulina. Abin da ya ja hankali shi ne yana narkewa a ruwa alhali yana ɗauke da karotinoyid, shi kuwa karotinoyid ba ya shiri da ruwa, a cikin kitse ake samunsa. Masana na kiran furotin ɗin OCP a taƙaice. A wajen tacewa akan kuma samu wani guntu ja, mai kusan rabin nauyinsa. An daɗe ana yi wa guntun nan kallon ɓaraguzan furotin da ya karye kawai, ashe rabin amsar na jikinsa.

A 2003 Cheryl Kerfeld da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelas suka daskarar da OCP ya zama lu'ulu'u, suka haska shi da hasken eksire, suka fitar da siffarsa. Furotin ne ƙarami, nauyinsa kusan kilodalton 35 (dalton ma'aunin nauyin ƙwayoyin sinadari ne, kilodalton kuwa dalton dubu), da amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, ɗari uku da 'yan kai. Ya kasu gida biyu. Sashen farko, na ɓangaren kai, duk murɗaɗɗun zare ne da suka rungumi juna, kuma a lokacin ba a taɓa ganin irin naɗinsa a wani furotin ba. Sashe na biyu, na ɓangaren wutsiya, yana da shimfiɗaɗɗen faifai da 'yan murɗaɗɗun zare a gefe. Wata igiya mai laushi ce ta haɗa su. Karotinoyid ɗaya tak, doguwar sarƙa mai kabon 40 da zobe a kowane ƙarshe, ya ratsa ta tsakiyar sassan biyu, rabi a nan rabi a can, kusan duk jikinsa a binne.

Abubuwa uku suka riƙe ginin a rufe. A sashen wutsiya, oksijin ɗin da ke kan zoben karotinoyid yana riƙe da amino asid biyu ta hanyar ɗaurin haidirojin; a lissafin Synechocystis su ne tairosin na 201 da tiriftofan na 288. A inda sassan biyu suka haɗu, arjinin na 155 mai caji mai kyau yana manne da gulutamet na 244 mai kishiyar caji. Sannan wani ɗan hannu, amino asid kamar 20 na farkon furotin, ya miƙo daga sashen kai ya kwanta a kan faifan sashen wutsiya.

Hoton ya fito tsaf, amma bai faɗi aikin furotin ɗin ba. An yi hasashen yana kashe mugun oksijin, ko yana jigilar karotinoyid daga wuri zuwa wuri. Hasashen farko gaskiya ne, an tabbatar daga baya, sai dai ba shi ne babban aikin ba. A ganina babu laifin kowa a nan. Lu'ulu'u yana kama furotin ne a yanayin da ya fi natsuwa, shi kuwa OCP a natse yake lokacin da ba ya aiki. Hoton mai barci aka ɗauka.

Yadda aka kama shi

A 2004 wasu masana a Mosko, ƙarƙashin Navasard Karapetyan, suka gwada launukan haske ɗaya bayan ɗaya don ganin wanne ke sa ƙyallin eriya ya faɗi. Zanen da suka samu ya yi daidai da yadda karotinoyid ke shan haske, ba kulorofil ba, ba bilin ba. To wane karotinoyid, tunda eriyar ba ta da shi? An fara zargin wani furotin na cikin tantani mai suna IsiA, wanda ke yawaita idan baktiriya ta rasa sinadarin ƙarfe.

Ɗakin binciken Diana Kirilovsky a Saclay, kusa da Faris, shi ya raba gardama a 2006. Adjélé Wilson da abokan aikinta suka cire ƙwayar gadon OCP, mai lamba slr1963. Baktiriyar ta ci gaba da rayuwa lafiya a haske mai rauni. Da aka haska mata shuɗin haske mai ƙarfi, ƙyallin bai faɗi ba, kuma injinta na fitar da oksijin ya fi na 'yar'uwarta saurin durƙushewa. Bayan shekara ɗaya suka nuna cewa ko a halin rashin ƙarfe, OCP ne ke wannan aiki, ba IsiA ba.

A 2008 suka gano abin da ya fi ban mamaki. Idan aka tace OCP, aka sa shi a kwalba mai sanyi, aka haska masa shuɗin haske mai ƙarfi, launinsa na juyewa daga ruwan goro zuwa ja, ido ma na iya gani. A mayar da shi duhu, ya koma ruwan goro, kuma ɗumi na hanzarta komawar. Ke nan shi da kansa yake jin hasken, ba ya jiran wani ya sanar da shi. Ba a taɓa sanin wani furotin mai amfani da karotinoyid wajen jin haske ba kafin wannan.

A nan ne nake ganin gizo ke saƙa. OCP ba ya saurin amsawa ko kaɗan. Cikin kowane ɗigon haske ɗari da ya sha, wanda ke iya juya shi bai kai ɗaya ba. Wasu ma'aunai sun nuna kusan 2 ne cikin 1000. Rodofsin, furotin da ke jin haske a idon mutum, kuwa yana amsa kusan biyu cikin kowane uku. Wanda ya dubi alƙaluman nan kawai zai ce OCP gurgun ma'auni ne. Amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Ido yana son ya san ko akwai haske, komai ƙanƙantarsa. Baktiriya ta riga ta san akwai haske, da shi take ci. Abin da take son sani shi ne ko ya yi yawa. Da OCP na juyewa da kowane ɗigo, da tun hantsi zai kasance ja, yana zubar da abincin da ake wahalar tarawa. Da yake juyewar na da wuya, komawa baya kuma na gudana kullum, sai adadin jajayen ya dogara ga wanda ya rinjayi wani. A haske mai rauni komawa ke rinjaye, kusan duk suna ruwan goro. Sai haske ya yi ƙarfin da juyewa ta fi komawa sauri sannan jajaye ke taruwa. Nawar da yake yi ita ce ta mai da shi ma'aunin ƙarfin haske, kuma ɗaurin nan uku da aka gani a 2003 su ne tushen nawar.

A 2011 Michal Gwizdala, a ɗakin binciken Kirilovsky, ya haɗa tataccen OCP da tatacciyar eriya a kwalba, babu komai na baktiriya sai su biyu. Mai ruwan goro bai kama eriya ba. Ja ya kama, a cibiya ba a sanduna ba, kuma ɗaya ko biyu sun isa su kashe kusan dukkan ƙyallinta. Da zarar ya manne, ko an kashe haske yana ci gaba da aiki.

Tafiyar angistirom 12

Saura tambaya ɗaya mai wuya. Kafin karotinoyid ya karɓe ƙarfi daga bilin dole su kusanci juna sosai. Ta yaya abin da ke binne a tsakiyar furotin zai yi haka?

Sai aka koma ga jan guntun nan da aka yi watsi da shi. Ryan Leverenz, a ɗakin binciken Kerfeld, ya nuna cewa guntun ba komai ba ne illa sashen kai shi kaɗai riƙe da karotinoyid, kuma yana kama eriya ya kashe ƙyallinta ko a duhu, ba ya bukatar haske ya tashe shi. Sashen kai ne ke aikin. Sashen wutsiya aikinsa hanawa. Kamar takobi ne da kubensa: kaifin na nan kullum, kube ne ke sa a iya yawo da shi ba tare da ya yanki mai shi ba.

A 2015 suka fitar da siffar guntun, sai ga karotinoyid ba a inda aka san shi ba. Ya zame ya shige cikin sashen kai da nisan angistirom 12. Angistirom ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan goma na milimita, don haka tafiyar ba ta da yawa a ido, amma ta kusa rabin tsawon karotinoyid ɗin kansa. Kafin wannan, an ɗauka ƙwayar launi a cikin furotin zaune take daram a gurbi ɗaya, iyakarta ta lanƙwashe ko ta murɗe. Wani gwaji da hasken eksire a Berkeley ya tabbatar cewa haka abin yake a cikakken OCP da ke cikin ruwa, ba a lu'ulu'u kaɗai ba.

Daga wannan da gwaje-gwajen leza da suka biyo baya aka jera matakan. Karotinoyid ya sha haske, ɗaurinsa da tairosin da tiriftofan ya saki cikin fikosakan kaɗan, wato kashi kaɗan cikin tiriliyan na sakan. Mafi yawan lokuta ɗaurin ya kan koma nan take, shi ke nan an tashi a banza. A 'yan lokutan da bai koma ba, karotinoyid ya zame cikin sashen kai, ɗan hannun da ke kwance a kan faifai ya ɗaga, arjinin ya rabu da gulutamet, sassan biyu suka buɗe, igiya kaɗai ta riƙe su. Daga farko zuwa ƙarshe abin na ɗaukar kusan sakan guda. Arjinin na 155 da ya fito fili shi ne ke taimakawa wajen manne wa cibiyar eriya. Da aka sauya shi da amino asid mai kishiyar caji, furotin ya yi ja amma ya kasa kama eriya yadda ya kamata.

Wani gwaji yana nuna yadda komai ya rataya a kan ƙaramin abu. Idan aka hana baktiriya ƙera karotinoyid mai oksijin ɗin nan na kan zobe, OCP ya kan ɗauki wani karotinoyid mai suna ziyazantin a madadinsa. Furotin ya fito rawaya, kuma duk hasken da aka zuba masa ba ya juyewa. Ekinenon da kantazantin, karotinoyid masu irin wannan oksijin, suna aiki.

Hoton ƙarshe ya zo a 2022, daga María Agustina Domínguez-Martín da Paul Sauer, a haɗin gwiwar ɗakin Kerfeld da na Eva Nogales a Berkeley. Sun daskarar da eriya da OCP manne da ita cikin tsananin sanyi, suka ɗauki hotunanta da madubin ilaktaron. Eriyar na da nauyin dalton miliyan 6.2, kowane OCP kuwa dubu 34 ne. Huɗu aka gani a jikinta, biyu-biyu, kowane biyu haɗe ta sashen wutsiya. Sashen kai ya cusa kansa a lungun da ke tsakanin silindar sama da ta ƙasa, ya kawo karotinoyid dab da wani bilin na cibiya. Sashen wutsiya kuwa ya kauce da nisan kusan angistirom 60 daga inda yake a da.

Wurin da ya zaɓa shi ne ya sa ɗan ƙaramin furotin ke iya shawo kan bilin 396. Ba sai ya bi su ɗaya-ɗaya ba, tunda duk ƙarfin ta cibiya yake wucewa. Bilin na iya riƙe ƙarfi na sama da nanosakan ɗaya, wato fikosakan dubu, karotinoyid kuwa cikin fikosakan kaɗan yake mai da shi zafi, sau ɗaruruwa ya fi sauri, ya kuma shirya karɓar na gaba. An daɗe ana muhawara ko ƙarfin kawai ake miƙa masa ko har da ilaktaron; lissafin da aka yi a kan sabon hoton ya fi goyon bayan na farko.

Sakin eriya

Kusa da slr1963 akwai wata ƙwayar gado, slr1964. A 2010 Clémence Boulay da abokan aikinta suka cire ta, sai ƙyallin ya faɗi kamar kullum amma ya ƙi dawowa da wuri. Ƙaramin furotin da take ƙerawa, FRP, mai kusan kilodalton 13, yana aiki biyu-biyu. Ya kan kama sashen wutsiya, ya taimaka OCP ya saki eriya, ya jawo sassan biyu su haɗu har karotinoyid ya koma gurbinsa. An fitar da siffarsa a 2013. Ban ga an ba wannan ɓangare haƙƙinsa a yawancin bayanai ba, alhali baktiriyar da ta iya rufe eriya ta kasa buɗewa tana asarar kowane minti na hasken da ya dace da ita. Yawan FRP idan aka gwada da yawan OCP shi ma yana cikin abin da ke tsayar da matakin hasken da kariyar ke fara aiki, kuma baktiriyar na ƙara yawan OCP idan ta daɗe a haske mai ƙarfi.

Ba duk sayanobaktiriya ke da OCP ba. Synechococcus elongatus PCC 7942 tana da fikobilisom amma ba ta da shi, Prochlorococcus ta teku kuwa ba ta da eriyar ma irin wannan. Akwai wasu ƙananan furotin na cikin tantani, dangin Hli, da ke gadin tsarin haske na biyu lokacin da ake haɗa shi ko gyara shi. A 2015 an nuna cewa ɗaya daga cikinsu, HliD, na ɗauke da kulorofil shida ga kowane beta-karotin biyu (shi ma karotinoyid ne), kuma yana zubar da ƙarfi ta miƙa shi daga kulorofil zuwa karotin. Su da zarar an ƙera su ba sa jiran haske ya tashe su, kullum a bakin aiki suke.

Da aka bincika ƙwayoyin gadon sayanobaktiriya masu yawa, sai aka tarar sassan OCP biyu suna nan a matsayin furotin masu zaman kansu: masu kama da sashen kai, da ake kira HCP, da masu kama da sashen wutsiya. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa OCP ya samu ne da ƙwayoyin gado biyu suka haɗe suka zama ɗaya. An ma nuna a kwalba cewa mai kama da wutsiya na iya ɗauko karotinoyid daga tantani ya miƙa wa HCP. Wata sayanobaktiriya, Anabaena PCC 7120, tana da cikakken OCP, tana kuma da HCP har huɗu, kuma gwajin 2016 ya nuna sun raba aiki. Ɗaya yana kama eriya ya kashe ƙyallinta. Biyu sun ƙware wajen kashe mugun oksijin amma ba sa taɓa eriya. Na huɗun yana riƙe karotinoyid sosai, ba ya yin ko ɗaya daga cikin ayyukan biyu, masu binciken suka ɗauka jigilar karotinoyid ko ajiyarsa ne aikinsa.